Daga jan kebul zuwa kyamarar satar gida a Baba Yara

Ni asalina mai ɗaukan bidiyon biki ne, awure da suna da walimar sauka, daga Aboabo zuwa Asawase har Tafo babu lungun da ban shiga da kyamarata ba. Ƙwallo kuma kallonta kawai nake kaman kowa. Abin da ya juya min tunani ya faru ne ranar Juma'a 25 ga Maris 2022, daren da Ghana ta karɓi Najeriya a filin Baba Yara da ke nan Kumasi a wasan neman zuwa kofin duniya. Duk ɗan zango ya san yadda makon nan ya kasance, rabinmu muna da dangi a Kano ko Sakkwato, waya sai shigowa take ana cika baki. Can a zagaye na biyu lafari ɗan Maroko ya busa ya nuna fenariti wa Najeriya wai an taɓa da hannu, wallahi filin nan da yake ɗaukan mutum wajen dubu 40 sai ya yi kaman an yi mutuwa. Sai muka ga ya dafe kunne, ya tsaya, ya zana akwati da yatsunsa a iska, ya ruga bakin fili wajen wani ɗan allo ya sunkuya. Da ya dawo ya soke. Aka tashi babu ci, bayan kwana huɗu a Abuja aka yi 1-1, Partey ya ci mana, muka wuce Katar.

Kowa murna yake a hanyar komawa gida, ni kuma abu ɗaya ne yake min yawo a kai: hoton nan da mutumin ya sunkuya ya kalla, wa ya ɗauka? A ina ya tsaya? Don na san aikin, na san hoto ba ya ɗaukan kansa, akwai wani bawan Allah da ya riƙe hannun kyamara daidai wannan daƙiƙar bai yi rawa ba.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya daɗe yana aikin talabijin, tun zamanin kaset. Na same shi bayan magariba a ƙofar gidansa na durƙusa na gaishe shi nace Baba so nake ku sa ni a hanya. Ya dube ni yace kai ne yaron da ya ɗauki auren 'yar wane ko, na ga aikinka, hannunka yana da sanyi, amma amarya a hankali take tafiya kuma in ka ce ta sake za ta sake. Za ka iya jan waya wata shida ba ka taɓa kyamara ba? Nace zan iya Baba. Yace toh ranar Lahadi ka same ni a Amakom bakin get ƙarfe bakwai na safe, ka zo da takalmi rufaffe.

Wasan ƙarfe uku na yamma ne amma bakwai ɗin nan ba wasa a ciki. Na tarar motar watsa shiri ta riga ta faka a bayan fili, babbar mota ce da aka mai da cikinta ɗaki, sanyi kaman firij, bango guda duk alluna, kowace kyamara da nata. A nan darakta yake zama da mai canja hoto da mai gyara haske da launi da mai sauti da kuma mai maimaici, wato wanda yake dawo da abin da ya wuce a hankali. Kowace kyamara da ke cikin fili igiyarta tana zuwa motar nan, kuma igiyar nan ita ce aikina. Kebul ne mai nauyi a naɗe a kan ganga, ka ja shi ka bi da shi ta ƙarƙashin kujeru ka hau da shi bene ka ɗaure ka manne shi da tef duk inda mutum zai taka. Cikinsa zaren gilashi ne, in ka lanƙwasa shi da ƙarfi ya tafi kenan, in ƙura ta hau kan bakinsa hoto ya riƙa yankewa, lokacin hunturu kuwa sai ka goge bakin nan sau nawa. Naɗe shi ma sai an koya, ba a zagaye ake yi ba, kaman lamba 8 ake kwantar da shi a ƙasa don kar ya murɗe. Sati uku na yi kafin maigida, wato dattijon nan, ya daina warware nawa yana cewa sake.

In an fara wasa kuma ina bayan mai kyamarar kafaɗa a bakin layi, yana gudu ina gudu da igiya a hannu, in ya ja baya in kauce in tattare, idona a kan bayansa da ƙafarsa. Akwai wasannin da sai ihun mutane ne yake gaya min an ci. Abin da ake ba ni bai wuce na motar haya ta trotro da kwanon wake ba, bikin Asabar ne yake riƙe ni, Mma kuma kullum sai tace wai me kake nema a filin nan ne da ka bar sana'arka, nace Mma ku dai yi min addu'a.

A wannan zaman na gane yadda ake jera kyamarori. Mu a ayyukanmu yawanci shida ne. Ta ɗaya tana sama daidai layin tsakiya, ita ce take ɗaukan wasan gaba ɗaya, yawancin abin da kake gani a gida ita ce. Ta biyu tana gefenta tana matsowa kan fuska da ƙafa. Biyu suna sama daidai layin yadi 18 na kowane gida, su ne na satar gida. Sai ta kafaɗa a ƙasa, sai guda a bayan raga. Kuma manyan duk a ɓangare ɗaya na fili suke, na tambayi maigida me ya sa ba za a raba su ba, yace in ka sa ɗaya a can tsallake, ɗan wasan da yake gudu zuwa dama sai a gan shi yana gudu zuwa hagu da zarar an canja hoto, mai kallo ya ruɗe. A kofin duniya na Rasha a 2018, wanda a nan aka fara amfani da VAR a gasar, wato taimaka wa lafari da bidiyo, masu duba bidiyo suna zaune ne a ɗaki ɗaya a Mosko kuma kyamara 33 ce a gabansu a kowane wasa. Mu shida. Toh ka ga in ɗaya ta kuskure babu wadda za ta rufa mata asiri.

Da kofin duniya na Katar ya zo a falon maigida na kalli yawancinsa, kuma kallo da shi makaranta ce. Ranar 24 ga Nuwamba a wasanmu da Fotugal da aka ba Ronaldo fenariti a kan ɗan bayanmu Salisu, yaron da ya taso a nan Kumasi, falon ya kaure, lafarin nan ɗan Amurka Ismail Elfath ko allon bai je ba, kocinmu na lokacin Otto Addo ma ya yi ƙorafi bayan an tashi 3-2. Ni har gobe ina ganin Salisu ya riga taɓa ƙwallo, kuma ba zan canja ba. Amma maigida ya bari kowa ya huce sannan yace ku fahimci abin nan, VAR ba lafari na biyu ba ne. Abu huɗu aka kafa shi a kansu: an ci ko ba a ci ba, fenariti, jan kati na kai tsaye, da in an ba wani kati a madadin wani. Kuma ko a nan ma sai in kuskuren ya fito fili ƙarara ko lafari bai ga abin ba sam. In abu ne da mutum biyu masu hankali za su kalla su saɓa, hukuncin na cikin fili ne yake tsayawa. Ban ji daɗin bayanin ba amma na riƙe shi. Ranar Yurugwai kuma 2 ga Disamba na'urar nan ce dai ta yi mana rana, an ɗaga tuta wai satar gida, aka duba aka ga babu, lafari ya je allo ya ga gola ya kwashe Kudus ya ba mu fenariti, kyaftin ɗinmu Dede Ayew ya buga gola ya tare. A gasar nan kyamara 12 aka maƙala a ƙarƙashin rufin kowane fili don satar gida kaɗai, suna bin wuri 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, ita kanta ƙwallon akwai na'ura a cikinta da take aika bayani sau 500 a daƙiƙa don a san daidai lokacin da aka buge ta.

Darasin da ya fi zama min shi ne na daren Japan da Sifen, ƙwallon da Mitoma ɗan Japan ya ciro daga bakin layi aka ci. Duk muka rantse ta fita, ga ciyawa nan kore tsakanin ƙwallo da layi a hoto. Maigida ya aiki jikansa ya ɗauko ƙwallo, ya ajiye ta a bakin tabarma ta yadda gindinta yana kan siminti, yace in durƙusa daga gefe in duba. Na ga fili tsakaninta da tabarma, nace ta fita. Yace tashi ka tsaya a kanta ka leƙa daga sama. Sai ga cikinta ya ɗan rufe bakin tabarmar. Yace doka cewa ta yi sai dukkanta ta wuce layi, kuma kyamara abin da ke gaban inda aka dasa ta kawai take faɗa. Shi ya sa na'urar layin raga da aka kawo a Brazil 2014, bayan abin da ya faru da Lampard a wasan Ingila da Jamus a 2010, da ƙwallonsa ta wuce layin raga amma ba a ba shi cin ba, kyamara bakwai take sa wa kowace raga, ta aika wa agogon lafari cikin daƙiƙa ɗaya.

Sai da na haura wata takwas kafin wata Lahadi wani bai zo ba, maigida yace hau sama, ta huɗu taka ce yau. Kyamarar satar gida ta hagu. Na hau da ƙafafunta a kafaɗa na kafa, na daidaita ɗan kumfan ruwan nan har ya zauna a tsakiya, na leƙa na ga layin yadi 18 ya miƙe sosai a gabana bai karkace ba. Aka ɗaga farar takarda a tsakiyar fili duk muka nuna ta don launin kyamarori ya zo ɗaya, kar rigar da take ja a wannan ta koma ruwan goro a waccan. Na zuƙo tutar kwana ta can nesa na gyara har ta fito tar sannan na buɗe. Na sa abin kunne, darakta yana kiran lamba ɗaya bayan ɗaya rabi Turanci rabi Tuwi, yaren Asante, da ya zo kaina na amsa muryata tana rawa. Maigida ya hawo da kansa ya tsaya a bayana yace saurara da kyau, ba ruwanka da kyan hoto, ba ruwanka da fuska. Mutum uku nake so a hotonka kullum in an nufo gidan nan: mai ba da ƙwallo, mai karɓa, da ɗan baya na ƙarshe. Ko jar fitilarka, mai nuna cewa hotonka ake watsawa, ba ta kama ba ana naɗar hotonka a mota. Kar ka zuƙo.

Zagayen farko lafiya lau. Da aka tafi hutu na sauka da gudu na yi alwala da ruwan leda na yi la'asar a kan kwali a bayan kujeru na dawo. Inuwar rumfa ta riga ta cinye rabin fili, mai gyara haske yana ta fama a kunnena. Saura kaman minti goma a tashi, masu gida suna neman ci ido rufe, wani ɗan tsakiya ya ɗaga doguwar ƙwallo, ɗan gaba ya fice kaman kibiya. Hannuna ne ya yi abin da ya saba shekara da shekaru a wajen biki, in abu mai daɗi zai faru ka matso. Na zuƙo shi. Na same shi tas, ƙirjinsa ya tare, ya buga, raga ta motsa, hoto mai kyau wallahi. Sai ga tuta a sama.

Fili ya ɗauki ihu, darakta yace a ba ni ta huɗu, a ba ni ta huɗu. Mai maimaici ya koma baya, sai shiru a kunnena, shirun da har yau ina jinsa. Lokacin da aka buga ƙwallon hotona ya riga ya fara matsewa, mai bugawa ya fita daga ciki, ɗan baya rabin kafaɗarsa kawai ake gani. Dole aka saka na kyamara ta ɗaya, ita kuma daga tsakiya take kallo a karkace, daga can sai ka ga kaman yaron bai yi satar gida ba. Wannan hoton aka maimaita wa duk mai kallo a gida har sau uku.

Babu VAR a wasan, hotona ba zai canja hukunci ba ko da na same shi. Amma daga inda nake ina kallon mai tutar nan, ledojin ruwa suna sauka a kansa, ana ambaton uwarsa, da aka tashi sai da 'yan sanda suka kewaye su suka shige da su. Duk wanda ya girma a Kumasi ko Nima ya san inda fushin 'yan kallo kan alƙalanci yake iya kaiwa, 9 ga Mayu 2001 a filin Accra, wasan kulob ɗin Hearts da Kotoko, aka fara jifa da kujeru aka harba barkonon tsohuwa ƙofofi a rufe, sama da mutum 120 ba su koma gida ba, da yawansu 'yan zango ne. Ina sauke kyamara wannan ne a raina.

Muna cikin naɗe kaya duhu ya fara, sai ga mai tutar ya zo bakin mota, ya canja kaya ya rataya 'yar jakarsa, mutum ne siriri mai furfura kaɗan. Ya gaishe da maigida cikin ladabi yace don Allah ko akwai hoton layin, ba don ya kai ƙara ko'ina ba, so yake ya sani kafin ya kwanta ko ya yi daidai. Maigida ya juyo ya kalle ni. Ni na buɗe baki nace babu, ni ne a kan kyamarar kuma ban riƙe ba, ku yi haƙuri. Ya ɗan yi shiru yace ba komai ɗana, Allah ya sa mu dace, ya juya ya tafi. Na fi son da ya zage ni.

Maigida bai min faɗa ba. A pragya, keke mai ƙafa uku, muna komawa yace gobe bayan la'asar ka zo da kyamararka ta biki. Ya kai ni filin ƙasa inda yara 'yan kolts suke buga wasa, ya sa na hau kan katanga daidai inda yadi 18 zai kasance, ya ciro tef ya naɗe maɓallin zuƙowa gaba ɗaya. Yace ɗauki. Da dare mu zauna ya riƙa tsayar da hoton duk inda aka ba da ƙwallo gaba yana tambaya ina mutum ukun, in babu ɗaya yace sake gobe. Abin da na gano a wajen shi ne ido biyu ake aikin nan da su, na dama a cikin kyamara na hagu a buɗe yana kallon fili, kuma ba ƙwallo ake bi ba, layin 'yan baya ake bi, in sun matso ka matso da su in sun ja baya ka ja, ƙwallo ita za ta zo ta same ka. Sati biyar muna haka, ranar Lahadi kuma na koma jan kebul ɗina ban ce komai ba.

Da aka mai da ni ta huɗu, wasa na uku irin wancan ya sake faruwa, doguwar ƙwallo, gudu, ci, tuta. Wannan karon hannuna bai motsa ba. Darakta ya kira, aka saka, ga mai bugawa ga mai karɓa ga ɗan baya duk a ciki, layin yadi 18 a miƙe a ƙarƙashinsu, an yi satar gida da kusan taku guda. Na ji maigida a kunnena da Hausa, a layin da kowa yake ji, yace madalla yaro.

Bayan an tashi mai maimaici ya kira ni cikin mota yace zo ka ga wani abu, ya dawo da wata ta zagayen farko da ba a saka ba. Kyamarorinmu hoto 50 suke ɗauka a daƙiƙa, ɗan wasan da yake gudun mita 8 a daƙiƙa kuwa yana cin santimita 16 tsakanin hoto da hoto. Ya murza ɗan faifan da ke hannunsa, a hoton farko ƙafar mai bugawa ba ta gama taɓa ƙwallo ba kuma ɗan gaba yana daidai da ɗan baya, ya murza sau ɗaya, ƙwallo ta riga ta bar ƙafa ɗan gaba ya wuce da gwiwa. Ya koma baya, ya dawo, ya koma baya. Yace toh wanne za ka tsayar? Na daɗe ina kallon allon ban ba shi amsa ba, har aka leƙo aka ce kebul na sama yana jirana, na fita na hau na fara kwance tef.